Katunan wasiƙar kakanmu: a raba su, a sayar, ko a bar su wuri ɗaya?

Jikar_Bahar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce. Da muka zo kwashe ɗakinsa sai muka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wanda tun muna yara muke ganinsa amma ba mu taɓa ganin an buɗe shi ba. Ashe kayan kakanmu ne, mahaifin babanmu, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya. A ciki akwai katunan wasiƙa 143, irin waɗanda ake aikawa ba ambulan, hoto a gaba, rubutu da kan sarki a baya. Wasu daga Port Sa'id, wasu daga Marseille, Liverpool, Aden. Akwai agogon aljihu da ya tsaya, da tabarau, da ɗan littafin aikinsa na jirgi, da hotuna kusan talatin waɗanda in ban da shi ban gane kowa a cikinsu ba.

Mu shida ne. Babban yayanmu ya ce a kira dillali ya yi musu kuɗi, a sayar a raba, kowa ya huta. Ƙanwata ta ce a ƙirga katunan a kasa shida. Ni duka biyun ba su kwanta mini ba, amma ba ni da hujjar da zan kawo musu, sai dai in ce ba na so. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mini.

Baban_Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Abu na farko, kada ku yi gaggawa. Kayan da suka yi shekara sittin a akwati ba wata biyu ne zai lalata su ba.

Uwar_Gida_Uku:
Allah ya gafarta masa. Ni dai ina bayan ƙanwarki. Kowa jikansa ne, kowa ya riƙe nasa ya riƙa tunawa da shi. In aka bar wa mutum ɗaya, gobe 'ya'yan sauran ba su san ma an yi kayan ba.

Mai_Kan_Sarki:
Allah ya jiƙan rai. Shekara ashirin da wani abu ina tara kan sarki da tsofaffin katuna, don haka bari in fara da maganar yayanku, domin ita ce ta fi saurin warwarewa.

Mutane suna ɗauka duk abin da ya tsufa ya zama dukiya. A harkar kati ba haka ba ne, saboda an buga su da yawan da ya wuce misali. A ranar 1 ga Oktoba 1869 aka fara fitar da katin wasiƙa na gwamnati a Ostiriya da Hangari, Ingila ta bi a 1870, kafin ka ce kwabo ya game duniya. A Amurka kaɗai, a shekarar da ta ƙare a watan Yuni 1908, katunan da suka bi ta gidan waya sun haura miliyan 670. To katin da ke ɗauke da hoton tashar jirgin ruwa ko babban titin wani sanannen birni, dubbai irinsa na nan a hannun dillalai. In aka sayar da na kakanku a dunƙule, mai yiwuwa abin da kowa zai samu ba zai kai wahalar kiran dillalin ba.

Amma a cikin ɗari akan samu biyu ko uku da suka fita daban. Ki sami gilashin ƙara girman rubutu ki duba hoton. In kin ga ɗigo-ɗigo ƙanana a jere, na injin ɗab'i ne. In kin ga hoton ya tafi sumul ba ɗigo, sau da yawa hoto ne na ainihi da aka wanke a kan takardar kati, kuma irin wannan wani lokaci guda kaɗan aka yi. Ki duba bayan kowanne kuma. Wanda ba shi da layin da ya raba baya biyu, adireshi kawai ake rubutawa a can, tsoho ne ƙwarai, domin Ingila ta yarda a raba bayan kati a 1902, Jamus a 1905, Amurka a 1907.

Jikar_Bahar:
Na gode Malam. Na duba yanzu. Guda tara ba su da wannan layin, kuma ba a rubuta komai a kansu ba. Amma kakanmu ai a wajen 1948 ya fara aikin jirgi, ta yaya zai sami na kafin 1902?

Mai_Kan_Sarki:
Saya ya yi, ko aka ba shi. A garuruwan tashar jiragen ruwa akwai masu sayar da tsofaffin katuna tun da can. Ke nan shi ma yana da sha'awar tarawa. Ki ware waɗannan taran gefe guda.

Sarkin_Aiki77:
Shawarata mai sauƙi ce. Ku jiƙa katunan a ruwan ɗumi ku ɓamɓare kan sarkin, shi ne mai daraja, ku sayar. Katunan kuma ku kai a yi musu laminatin don kada su yage.

Ma'ajiya:
@Sarkin_Aiki77 ɗan uwa, don Allah a'a, duka biyun. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin adana takardun tarihi, kuma ba abin da ya fi ba mu wahala kamar takardar da mai ita ya so ta har ya cuce ta. Laminatin zafi ne da gam, in ya kama ya kama ke nan, ba a cire shi ba tare da takardar ta biyo ba. Kan sarki kuma in aka ɓamɓare shi an tafi da rabin hatimin gidan waya, wanda shi ne ke faɗin gari da rana. Ruwa kuma zai wanke tawadar rubutun.

'Yar uwa, kafin a kai ga yanke shawara ga abin da za ki yi yau. Ki cire duk wata robar ɗauri da kilif na ƙarfe, roba tana narkewa ta manne, kilif yana barin tsatsa. Kada salatif ya kusanci ko guda ɗaya, ko da ya yage. Ki wanke hannu ki shanya sosai kafin ki taɓa, ki riƙa kamawa ta gefe. In za ki sa lamba ko suna, da fensir mai taushi, a hankali, ban da biro. Ki fitar da agogon da tabarau daga cikin takardun, kowanne da mazubinsa. Akwatin kuma a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da ke tsatsafo, saboda laima ita ke kawo fumfuna, ita ke kiran gara da kyankyasai. Ɗaki mai sanyi, busasshe, mara hasken rana, shi suke so.

In za ki sayi leda ta saka kati, ki tambayi wadda ba ta nau'in robar da ake kira PVC ba. Polyester ko polypropylene su ne masu lafiya. Ledar da kika ji tana warin sabuwar roba, ki bar ta. Haka albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da ake ɗaga leda a manna hoto, shi ma yana cin takarda.

Sarkin_Aiki77:
To na karɓi gyara. Ni na yi wa takardun makarantar babana laminatin, ban san haka abin yake ba.

Hajiya_Babba:
'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. A cikin 'ya'yan kakan naku akwai wanda ya rage da rai?

Jikar_Bahar:
Akwai Goggo, ƙanwar babanmu. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau.

Hajiya_Babba:
To ai kun tsallake mai magana kun zo kuna tambayar mu. Na farko, kayan mahaifinta ne. Don sun zauna a ɗakin babanku ba shi ke nuna nasa ne shi kaɗai ba, wataƙila ajiya aka ba shi a matsayinsa na babba. Ku shida kuna ta lissafin kasawa shida, ba ku sa ta a ciki ba. Na biyu, hotuna talatin ɗin da kika ce ba ki san kowa ba, ita kaɗai ta rage da za ta iya cewa wannan wane ne, wannan wance ce.

Ni abin ya same ni. Mahaifiyata ta bar hotuna cike da gwangwani. Yayarta tana nan da rai shekara huɗu bayanta, kullum ina cewa zan kai mata ta faɗa mini su wane ne, yau da gobe, yau da gobe, har Allah ya karɓi abarsa. Yanzu hotunan suna hannuna, fuskoki kyawawa, na san jinina ne, amma ba wanda zan kira da suna. Jikokina in sun tambaye ni sai in yi shiru. Ki ɗauki akwatin nan ki tafi wurinta makon nan, ki kunna rikodin a wayarki, ki riƙa karanta mata katunan ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tsare ta da tambayoyi, ki bar ta ta yi ta zuba.

Baban_Khalil:
Maganar Hajiya ita ce magana.

Dan_Zamani:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba a so. Ba kowa ke da wurin ajiye tarkace ba. Na gāji akwati uku na takardun mahaifina, na yi ƙaura da su sau huɗu, ban taɓa buɗe biyu daga ciki ba. A ƙarshe na ɗauki hoton abin da ya kamata da waya, na zaɓi abu biyar na riƙe, sauran na rabu da su. Ban yi nadama ba. Mu daina ɗora wa 'ya'yanmu nauyin kayan mutanen da ba su taɓa gani ba. Yayanku ba mugu ba ne don ya ce a sayar, wataƙila yana da buƙatar da bai faɗa ba.

Ummu_Safiyya:
@Dan_Zamani ƙarshen maganarka gaskiya ce, a binciki halin da yayan yake ciki. Amma akwati uku na rasiɗai da takardun ofis daban, katin da mutum ya rubuta wa matarsa da hannunsa daga tsakiyar duniya daban. Kati 143 ai kwalin takalmi ɗaya ya ishe su.

Dan_Zamani:
Na yarda ba su da cin wuri. Abin da nake nufi, a tabbata akwai mai so da gaske. In ba haka ba ajiyar ta zama jinkirta zubarwa kawai.

Jikar_Bahar:
Ni ina so da gaske. Jiya na kwana ina jera su bisa kwanan wata. Na lura da wani abu. Daga 1949 kusan duk shekara akwai kati daga Port Sa'id, sai a farkon 1957 babu, a maimakonsa akwai biyu daga Cape Town. A ɗaya ya rubuta wa kakarmu cewa hanya ta yi tsawo, ta ƙara haƙuri. Sannan wasu na Masar an ja wa fuskar mutumin da ke kan sarkin layuka uku baƙaƙe. Na ɗauka wani yaro ne ya ɓata su.

Malamin_Tarihi:
Allahu akbar. 'Yar uwa, ba yaro ba ne. Sarki Faruk ne a jiki. An hamɓarar da shi a Yulin 1952, kuma a 1953 hukumar gidan wayar Masar ta buga sanduna uku a kan fuskarsa ta ci gaba da sayar da ragowar kan sarkin da ke hannunta. Batun Cape Town kuwa, shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suez, wanda Port Sa'id ke bakinsa, mallakar Masar a ranar 26 ga Yuli 1956, yaƙi ya ɓarke a ƙarshen Oktoba, mashigin ya toshe da jiragen da aka nutsar, ba a sake buɗe shi sosai ba sai wajen Afrilun 1957. A tsakanin nan jirage sai sun zagayo ta ƙasan Afirka. Tsawon hanyar da kakanki yake ba matarsa haƙuri a kai ke nan.

Yanzu ki duba da kyau. Da an kasa katunan shida, na Cape Town suna gidan wani, na Port Sa'id sun warwatsu gida huɗu, wa zai lura da wannan giɓin? Ga hujjar da kika ce ba ki da ita. Kati ɗaya hoton gari ne da gaisuwa. A jere kuwa, tare da littafin aikinsa mai sunayen jirage da ranakun hawa da sauka, tafiyar mutum ce ta shekara goma sha biyar. Ni ina adawa da rabawa fiye da yadda nake adawa da sayarwa a dunƙule.

Uwar_Gida_Uku:
Malam na ji hujjarka, amma ban sauka daga tawa ba gaba ɗaya. Mu an bar wa babbar yayarmu komai don kada ya watse. Da ta rasu 'ya'yanta suka ɗauka na uwarsu ne, yau ko gani sai mun roƙa. Ajiya wuri ɗaya tana da kyau ranar da aka yi ta, bayan shekara ashirin fa?

Ma'ajiya:
Wannan tsoron na gaskiya ne, kuma maganinsa rubutu. A rubuta takarda: kaya kaza, adadi kaza, mallakar zuriyar wane ne, suna hannun wance a matsayin amana, in ta gaza ko ta rasu za su koma hannun wanda dangi suka zaɓa. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kofi, a saka ɗaya a cikin akwatin.

Sannan a yi sikanin duka, gaba da baya, domin bayan ya fi gaban muhimmanci. A sa na'urar a kan 600 dpi, wato ma'aunin kaifin hoton, a ba kowane kati lamba, a sa wa fayil ɗin lambar da shekara da gari. A ajiye kofi uku a wurare daban, kada a dogara da waya ɗaya ko da hotunan da aka tura ta WhatsApp, domin yana rage musu kyau. Daga nan ana iya buga littafi guda shida ko bakwai, kowane gida da nasa, da fassarar abin da Goggo ta faɗa a ƙarƙashin kowane kati.

Dan_Zamani:
Wannan na yarda da shi. Littafi ana buɗewa, akwati ba a buɗewa.

Bintu_Mai_Dinki:
Ni wani gefen nake so a duba. Kafin ki tura wa dangi duka, ki karanta komai ke kaɗai tukuna. A wasiƙun kakata mun tarar da maganar wani saɓani tsakaninta da 'yar uwarta, da kalmomi masu zafi. Wani ɗan uwanmu ya ɗauki hoto ya watsa a zauren dangi, jikokin ɗaya ɓangaren suka ji ciwo, har yau ba a koma daidai ba. Mamaci ba ya nan balle ya ce ga abin da yake nufi.

Ummu_Safiyya:
Kati dai a buɗe yake tafiya, duk ma'aikacin gidan waya yana iya karantawa, da wuya mutum ya rubuta sirri a kai. Amma a duba ɗin ya fi.

Bintu_Mai_Dinki:
Haka ne, amma ko "ki gaida wance" yana iya tayar da tsohon miki in ba a san wace ce wancen ba.

Abu_Hanif:
Ba wanda ya kawo maganar bayarwa ga gidan tarihi ko ɗakin karatu na jami'a. Can akwai masu kula, kuma masu bincike za su amfana. Tarihin ƙananan ma'aikatan jirgi ba shi da yawa a rubuce, yawanci na kyaftin-kyaftin da kamfanoni ake samu.

Ma'ajiya:
Hanya ce mai kyau, amma a shiga da ido biyu. In kun sa hannu a takardar kyauta, kayan sun bar hannunku har abada. Ku je ku ga inda za a ajiye su da idonku, ku tambaya ko za a yi musu rajista a ba ku lamba, ko jikoki za su iya zuwa su gani, ko ana iya ba su aro na wasu shekaru maimakon kyauta. Wurin da ya kasa amsa waɗannan, ɗakinki ya fi shi. Wasu wuraren ma kofin sikanin kawai suke so, asalin ya zauna wurinku.

Mai_Kan_Sarki:
In koma kan yayanku. Waɗancan tara marasa rubutu ba sa cikin jerin tafiyar, ba hannun kakanku a kansu. In dole sai an sayar da wani abu don a sami zaman lafiya, su ne za a fara dubawa. Ki karanta ƙananan rubutun da ke gefe ko baya, sunan maɗaba'a ko mai hoto. Da yawa daga katunan kafin 1914 a Jamus aka buga su. A na Masar kuma ki duba ko za ki ga Lehnert da Landrock, masu hoton da suka fara a Tunis a 1904 suka koma Alkahira a 1924, akwai masu neman nasu. Kada ki yarda da kuɗin da mutum na farko ya faɗa, musamman in shi ne mai saye. Ki nuna wa biyu ko uku. In kina duba intanet kuma, ki duba abin da aka riga aka saya, ba abin da mai kaya ya rubuta yana fata ba.

Agogon kada kowa ya yi masa wani, wato ya murɗa shi don ya tashi. Man cikinsa ya bushe shekaru, in aka tilasta shi wani abu zai karye. Mai gyara na ƙwarai zai buɗe bayan ya ga sunan kamfani da lamba.

Jikar_Bahar:
'Yan uwa na dawo. Na je wurin Goggo ranar Asabar, na kwana biyu. Hajiya_Babba, Allah ya saka miki da alheri. Daga cikin hotuna talatin ta gane goma sha tara, da na kwatanta mata wasu kuma na kusantar da wasu ga idonta. Da na karanta mata katin Cape Town sai ta yi shiru, ta ce ta tuna shekarar, kakarmu tana da cikin autansu wanda bai rayu ba. Ba wanda ya taɓa gaya mana an yi wannan yaron. Ta faɗi sunansa, na rubuta.

Ta ce ba ta son a raba katunan tana raye. Tabarau ta ce a ba ta, na bar mata. Ƙanwata ta yarda da maganar littafi in dai za a rubuta takardar amana kamar yadda Ma'ajiya ta ce. Yaya kuma har yanzu yana kan bakansa game da agogon da katunan nan tara. Na zauna da shi, ashe akwai bashin asibitin Baba da ya ɗauka shi kaɗai bai gaya mana ba.

Dan_Zamani:
Kin gani. Ku haɗa ku biya bashin, ku ga ko zai ƙara maganar agogo.

Uwar_Gida_Uku:
Ko an biya, ni a ganina a ba shi agogon ya zama nasa. Shi ne babba, ya ɗauki nauyi. In ya sayar ruwansa, in ya riƙe ruwansa.

Hajiya_Babba:
A tambayi Goggo tukuna, agogon ubanta ne. Kuma 'yata, hotuna goma sha ɗayan da suka rage, ki sake kai mata da safe lokacin da ido ya fi gani. Ki tambaye ta ko cikin abokan aikin kakanku akwai wanda ta san zuriyarsa, wataƙila mutanensu ne a ciki.

Jikar_Bahar:
Ta ambaci mutum ɗaya da suke hawa jirgi tare, ta ce 'yarsa ƙawarta ce tun suna yara, amma rabonta da ita ya fi shekara talatin. Zan fara neman ta. @Ma'ajiya, katuna huɗu sun manne da juna ta gefen hoto, in sa musu tururi ko in bar su?

Ma'ajiya:
Ki bar su yadda suke. Ban da tururi, ban da wuƙa. Ki sa su a ambulan daban, ki rubuta a bayan ambulan ɗin tsakanin waɗanne lambobi kika same su, sai an sami mai gyaran takardu ya gani da idonsa.